Rubuta Sunan Mai Hoto a Jikin Bango Ba Izini Ba Ne

Ka samu takardar kasafin kuɗin wani baje kolin hotuna, ka bi ta daga sama har ƙasa. Akwai kuɗin hayar zaure. Akwai na fenti, don bango sai ya yi fari tas. Akwai na wanke hotuna a kan takarda mai kauri, da na firam da gilashi, da na fitilun da za a saita yadda haske ba zai kashe wa masu kallo ido ba. Mai gadi yana da nasa, mai buga katin gayyata yana da nasa, hatta wanda zai riƙe tsani a kafa ƙusa ba a manta da shi ba. Sau da yawa layi ɗaya ne za ka nema ka rasa: na mutumin da ya ɗauki hotunan. Wani lokacin ma maganar ba ta kai ga kuɗi ba, domin bai san ana yi ba sam. Sai dai wani ya aiko masa da saƙon taya murna, ya tsaya yana tambayar murnar me.

Matsayina a kan wannan a fili yake. Duk wanda ya ɗauko hoton wani, ya wanke shi, ya rataye a bainar jama'a ba tare da ya tambayi mai shi ba, ya ci haƙƙinsa, an karɓi kuɗin shiga ko ba a karɓa ba, an rubuta sunansa ko ba a rubuta ba. Kuma a cikin duk masu amfani da hotunan mutane ba izini, mai shirya baje koli ne ya fi kowa rashin uzuri. Editan da labari ya faɗo masa da tsakar dare zai iya cewa lokaci ne ya ƙure masa, duk da cewa kotu ba ta cika sauraron wannan ba. Shi kuwa baje koli watanni ake yi ana shirya shi. Wanda ya samu sukunin zaɓen launin firam ai ya samu sukunin rubuta wasiƙa guda.

Uzurin da aka fi ji shi ne: "A intanet na gan shi, kuma babu wata alama a jikinsa." To, ba sai da alama ba. Yarjejeniyar Berne, wadda aka ƙulla a 1886 kuma yanzu ƙasashe fiye da 180 suke cikinta, ta tanadi cewa kariyar haƙƙin mallaka ba ta jiran rajista ko tambari ko wata takarda. Da zarar an ɗauki hoto, yana da mai shi. Sanya shi a wani shafi inda kowa zai gani bai mayar da shi na kowa ba. A 2018 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a kan wata ƙara da ta taso daga Jamus, ƙarar da in ka ji farkonta za ka ce ba ta kai a je kotu ba. Wani mai ɗaukar hoto, Dirk Renckhoff, ya ba wani shafin tafiye-tafiye izinin amfani da hotonsa na birnin Cordoba da ke Sifaniya. Aka sauke hoton daga can don aikin aji a wata makarantar sakandare, har da rubuta inda aka samo shi a ƙasan hoton, daga baya aikin ya hau shafin makarantar. Kotu ta ce wannan sabon gabatarwa ne ga jama'a, kuma yana buƙatar sabon izini: amincewar da mai hoton ya ba shafi ɗaya ba ta bin hoton duk inda aka kai shi. Idan makarantar da ba ta nemi ko sisi ba ta kasa tsira, ina ga zauren da ya buga hoton ya kai tsawon mutum?

Manyan kamfanoni ma sun gwada wannan uzurin, ya kife da su. Ranar 12 ga Janairun 2010, girgizar ƙasa ta rusa birnin Port-au-Prince na Haiti. Daniel Morel yana cikin garin, ya ɗauki hotuna tun ƙura ba ta lafa ba, ya sa su ta Twitter. Wani ya kwafe su ya sa a nasa shafin, kamfanin dillancin labarai na AFP ya ɗauka daga can, shi da Getty Images suka rarraba wa jaridun duniya, da farko ma da sunan wanda ba shi ya ɗauka ba. Da Morel ya yi magana, AFP ne ya riga shi zuwa kotu, yana neman a ce bai yi laifi ba tunda a Twitter aka sa. A Nuwamban 2013 masu taya alƙali yanke hukunci a New York suka ba Morel diyyar dala miliyan 1.2 a kan hotuna takwas.

Uzuri na biyu ya fi na farko ba ni haushi, saboda masu yin sa da gaske suke ji sun kyauta. "Ai mun sa sunansa." Su ɗan manna wata ƙaramar takarda a gefen firam, da suna da shekara, shi ke nan wai an biya. Abu biyu ne daban. Akwai haƙƙin a ambaci mutum a matsayin mai aikinsa, akwai kuma haƙƙin a kwafi aikin ko a hana, kuma cika na farko ba ya ɗauke na biyu. In ka duba da kyau ma, takardar nan shaida ce a kan mai baje kolin: ta nuna ya san mai hoton, ya san yadda ake rubuta sunansa, ya dai zaɓi kada ya neme shi. Ga wata illa da ba a cika lura da ita ba. Duk mai kallon da ya ga sunan zai ɗauka da yardar mai hoton aka yi komai. Idan an yanke gefen hoton don ya shiga firam, ko launin ya fito a dushe saboda ƙaramin kwafi aka sauke aka buɗa shi ya farfashe, ko an jera shi kusa da wani rubutu da mai hoton bai yarda da shi ba, sunansa ne zai ɗauki nauyin.

Sai kuma a ce, "Talla muke yi masa." Wani sa'in hakan kan zama gaskiya, amma shi ne zai ce yana son tallar ko ba ya so. Hoton da ba a taɓa nunawa a zaure ba yana da wata daraja da yake rasawa da zarar an nuna shi. Masu sayen hotuna kan biya kuɗi mai yawa ne saboda an yi musu alkawarin kwafi kaɗan ne za a wanke, kowanne da lamba da sa hannu. Wanda ya je ya wanke nasa a gefe ya ɓata wannan lissafin, ko da bai sayar ba.

A ƙarƙashin duk waɗannan uzurori akwai wani tunani da mutane ba sa son furtawa: wai hoto ba aiki ba ne kamar zane, danna maɓalli ne kawai, kyamara ce ta yi. Wannan gardamar tsohuwa ce, kuma an daɗe da kashe ta. A 1882 Napoleon Sarony ya ɗauki marubuci Oscar Wilde hoto a New York. Kamfanin ɗab'i na Burrow-Giles ya buga kwafi 85,000 na ɗaya daga ciki ba izini, da aka je kotu ya ce ai na'ura ce ta kwafi abin da ke gabanta, babu wani mai fasaha a ciki. A 1884 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi yarda. Ta lissafo abin da Sarony ya yi: shi ya tsara zaman, shi ya zaɓi tufafi da labule, shi ya daidaita haske da inuwa, shi ya janyo yanayin da ya fito a fuskar mutumin. Yau da kowa yake da kyamara a aljihu tunanin ya dawo da ƙarfinsa. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da wani suna ɗaukar abu ɗaya, nasa ya fito lami na ɗayan ya fito da rai, ya san ba a maɓalli bambancin yake ba. Mai baje kolin ma ya sani. In da duk hoto ɗaya ne, da bai tsallake dubu ya zaɓi wannan ba.

Inda maganar take da sarƙaƙiya da gaske shi ne wajen masu fasahar da aikinsu ya ginu a kan aron aikin wasu, kuma babu wanda ya kai Richard Prince suna a wannan fanni. Patrick Cariou, Bafaranshe, ya yi shekara shida cikin 'yan Rasta a Jamaika yana ɗaukar su hoto, ya fitar da littafi a 2000. Abin da littafin ya kawo masa bai wuce dala 8,000 da 'yan kai ba. Prince ya yayyago hotunan daga littafin, ya buɗa su, ya shafa wa wasu fenti a ido da baki, ya liƙa wa wani jita a hannu, aka baje su a gidan baje koli na Gagosian da ke New York a 2008. Guda takwas daga ciki an sayar da su a kan sama da dala miliyan 10. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Har wata mai zauren baje koli da take shirin nuna hotunan Cariou ta janye bayan ta ji labarin abin da aka rataye a Gagosian. Kotun farko ta ba Cariou gaskiya a 2011, amma a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta ce 25 daga cikin ayyuka 30 sun sauya kama sosai har sun zama sabon abu, don haka sun shiga ƙarƙashin sassaucin da dokar Amurka ta yi wa amfani da aikin wani bisa adalci. Sauran biyar ɗin aka sasanta a wajen kotu.

Ba na cikin masu cewa a toshe wannan ƙofa gaba ɗaya. Mai suka yana buƙatar ya nuna abin da yake suka, mai ba'a yana buƙatar abin da zai yi wa ba'a, kuma wanda ake shirin caccakar aikinsa ba zai taɓa ba da izini ba. Sai dai hukuncin 2013 ya sa wasu sun ɗauka ƙofar ba ta da iyaka. A 2014 Prince ya sake baje wasu ayyukan a Gagosian, wannan karon hotunan da mutane suka sa a Instagram ne ya ɗauko yadda suke a fuskar waya, ya ƙara ɗan tsokacinsa a ƙasa, ya buga su manya-manya. Masu ɗaukar hoto biyu, Donald Graham da Eric McNatt, suka kai ƙara. A 2023 alƙali ya ƙi korar ƙarar, a Janairun 2024 kuma aka rufe shari'ar da umarnin Prince ya biya su ninki biyar na farashin da aka sayar da ayyukan: dala 200,000 ga Graham, 450,000 ga McNatt. A 2023 ɗin dai Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu, ta goyi bayan mai ɗaukar hoto Lynn Goldsmith a kan gidauniyar marigayi mai zane Andy Warhol, game da hoton mawaƙi Prince (ba Richard Prince ba) da ta ɗauka a 1981. Gidauniyar ta karɓi dala 10,000 a 2016 daga wani kamfanin mujallu don amfani da zanen da Warhol ya yi daga hoton, ita ko sunanta ba a ambata ba. Abin da na ɗauka daga jerin nan shi ne, girman sunan mai aro ba ya zama hujja. Kuma a gaskiya yawancin masu rataye hotunan mutane ba izini ba su ma kai nan ba. Ba su sauya komai ba, ba sharhi suke yi a kan hoton ba, ya dai dace da takensu ne suka ɗauka.

Akwai wani bambanci da ya kamata a faɗa, don kada a ce duk rataye hoto laifi ne. Mallakar takardar hoto daban, mallakar haƙƙin hoton daban. Idan ka sayi hoto da aka wanke ta halastacciyar hanya, a Amurka doka ta ba ka damar nuna wannan kwafin ga mutanen da suke wurin, a Birtaniya ma nuna shi ba keta haƙƙi ba ne. Kanada ta bi wata hanya: tun 1988 dokarta ta ba mai fasaha haƙƙi na musamman a kan baje aikinsa a bainar jama'a idan ba don sayarwa ko haya aka baje ba, a kan ayyukan da aka yi bayan 7 ga Yunin shekarar, kuma ƙungiyar masu fasaha ta CARFAC tana fitar da jadawalin kuɗin da ya kamata a biya. Ni tsarin Kanada ya fi kwanta mini. Amma ko a inda doka ta fi sassauci, damar ta tsaya ne a kan kwafin da kake da shi a hannu. Ba ta haɗa da sake wanke shi babba ba, ko sa shi a fosta, ko a littafin baje kolin, ko a shafin intanet. A nan ne akasarin masu shiri suke faɗawa, domin laifin yakan auku ne tun a wajen mai injin bugawa, kafin hoton ya ga bango.

Wani ruɗanin kuma shi ne a tambayi wanda ba shi ne mai haƙƙin ba. Mutumin da fuskarsa take cikin hoto galibi ba shi ya mallaki haƙƙin ba, duk da cewa yana da nasa haƙƙin na daban da ya shafi sirrinsa da mutuncinsa. A Birtaniya, alal misali, wanda ya sa aka ɗauke shi hoto don amfanin gida yana da ikon hana a baje shi a fili, ko da mai ɗaukar hoton ne yake so. Hoton da ma'aikaci ya ɗauka a bakin aikinsa a ƙasashe da dama na kamfanin ne. Wanda mai shi ya rasu na magada ne har wa'adin kariya ya cika, wanda a Tarayyar Turai shekara 70 ne bayan rasuwa.

Waɗanda nake tausaya wa su ne masu aiki da tsofaffin hotuna: akwati cike da hotunan da babu suna a bayansu, ɗakin ɗaukar hoton ya rufe tun tuni. Tarihi ba zai zauna a akwati har abada don an rasa wanda za a tambaya ba. Sai dai kalmar "ba a san mai shi ba" tana da daɗin rubutawa fiye da kima. A 1991 an baje wasu hotuna daga Bamako a wani babban baje kolin fasahar Afirka a New York, aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauke su ba. André Magnin, wani Bafaranshe mai shirya baje koli, ya ɗauki kwafinsu ya tafi Bamako yana tambaya, mai ɗaukar hoto Malick Sidibé ya duba ya gane aikin Seydou Keïta ne. Keïta yana nan da ransa a garin, da dubban negatif ɗinsa, wato fim ɗin da ake wanke hotuna daga gare shi, a adane. A 1994 aka yi masa baje koli nasa shi kaɗai a Paris, kafin rasuwarsa a 2001 kuma sunansa ya zaga duniya. Tafiya ɗaya da tambaya ce ta raba "ba a sani ba" da sunan mutum. Don haka abin da nake gani daidai shi ne a yi bincike na gaske, a rubuta duk inda aka duba da wanda aka tambaya, a ware kuɗi a ajiye ko da mai shi zai ɓullo, a kuma rubuta a fili cewa ana neman sa. Birtaniya ta kafa tsari irin wannan a 2014, inda ake karɓar lasisi daga hukuma bayan an nuna an yi bincike mai zurfi.

Da yawa suna zaton duk rigimar a kan kuɗi take. Ba haka ba ne koyaushe. Alberto Korda ya ɗauki shahararren hoton ɗan juyin juya hali Che Guevara a Havana, babban birnin Kyuba, ranar 5 ga Maris 1960. Shekaru da dama ana buga shi a riguna da tutoci da bangaye a faɗin duniya bai kai kowa ƙara ba. Da aka sa shi a tallar giyar Smirnoff, sai ya shigar da ƙara a Landan a 2000, aka sasanta a kan dala 50,000, ya ba da kuɗin ga fannin lafiya na Kyuba. Abin da ya tsaya a kai shi ne ikonsa na cewa a nan ban yarda ba. Mai hoton da ya ɗauki marar lafiya, ko 'yar gudun hijira, ko yaro, sau da yawa ya yi musu alkawarin inda hoton zai je da inda ba zai je ba. Mai baje kolin da ya sauke shi daga intanet bai san da alkawarin ba, kuma shi ne zai karya shi a madadin wani.

Ga masu cewa ba su da kuɗi, ƙananan ƙungiyoyi da makarantu da masu aikin sa kai: tambaya kyauta ce. Masu ɗaukar hoto da yawa kan ce a yi amfani da shi ba ko kwabo idan manufar ta yi musu, har su aiko da babban kwafi mai kyau wanda ya fi abin da za a sata. Akwai kuma ɗimbin hotuna da masu su suka sake a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya fara aiki a 2002, sai dai a karanta sharuɗɗan, don wani ya hana kasuwanci, wani ya hana a taɓa hoton. Akwai waɗanda wa'adinsu ya ƙare, kowa na iya ɗauka.

Yawancin sunayen da na ambata a sama na waɗanda suka iya jure shekaru a kotu ne. Graham ya shigar da ƙara a ƙarshen 2015, sai 2024 ya ga ƙarshenta. Mafi yawan masu ɗaukar hoto ba su da wannan juriyar ko kuɗin lauya, kuma masu shirya baje koli sun san haka, shi ya sa suke ɗauka su jira a yi magana. Amurka ta buɗe wata ƙaramar hukumar sauraron irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe a 2022, mai iya ba da diyya har dala 30,000, kuma mataki ne mai kyau. Amma ni a ganina gyaran ya fi sauƙi a hannun masu zaure da masu ba da tallafi. An haɗa da gidan Gagosian a ƙarar Cariou da ta Graham, don haka mai bango ba ɗan kallo ba ne. Ya nemi takardar izinin kowane hoto kafin ya miƙa makulli. Takardar kuma ba sai ta yi tsawo ba: wane hoto, wane girma, a wane wuri, daga yaushe zuwa yaushe, za a sa shi a fosta da intanet ko a'a, yaya za a rubuta sunan, nawa za a biya in akwai biya. A ƙara da abin da kusan kowa yake mantawa, wato makomar hotunan bayan an sauke su daga bango: za a mayar wa mai su ne, za a lalata, ko za a ajiye. In ba a rubuta wannan ba, bayan shekara biyu sai a gan su a wani garin, a wani baje kolin da ba a taɓa maganarsa ba.